Sitiyarin Tullio

Ranar Talata, ruwa bai ɗauke ba a Modena,
Fiorenza ta shigo da shi naɗe cikin tawul
kamar jaririn da aka gama yi wa wanka.
Ta aza kan teburina, ta ce,
"Na babana ne. Mai sayen motar
ya ce sai an sabunta shi."

Na kwance tawul.
Baƙin yadi ne mai laushin karan-miski,
ba tunkiya ta bayar ba, ba akuya,
inji ya saƙa shi, ya taje masa gashi
don kada hannun mai gudu ya zame.
Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a,
na san yadda yake mutuwa:
ya sha gumi, maiƙo ya kwanta,
gashin ya durƙusa, ya ƙi tashi.

Amma wannan ta hagu ya mutu.
Nan ya yi sumul, yana ƙyalli kamar kan mai sanƙo.
Dama kuwa da sauran ranta,
sai ɗan gurbi da zobe ya ci a hankali.
"Damansa kullum tana kan giya," in ji ta,
"ko tana nuna mana abin da ba mu tambaya ba:
gonar inabin wane, shagon da ya cuce shi a taya,
kwanar da ta kusa cinye shi shekarar da aka haife ni."
Ta yi dariya,
dariyar ta tsaya a maƙogwaro.

Da ta tafi na ɗauko reza.
Zare ɗaya na yanke, sauran suka biyo
kamar sun daɗe suna jiran izini.
Na ɓare shi sannu, gam yana kukan rabuwa,
warin taba ya taso, da na alewar na'a-na'a
da yake ɓoye tabar da ita.
Na shimfiɗa shi: dogon ƙyalle, siriri,
kamar titin da aka ciro daga ƙarƙashin mota.

Alli, almakashi.
Sabon yadi na yanka shi da ɗan gajarta,
don abin da bai ja ba, ba ya kamawa.
Allura biyu masu lanƙwasa, jan zare,
wannan ta shiga, waccan ta tarye ta,
na ja, na ja, babban yatsana ya tsage
a inda ya saba tsagewa.
Kofi ya huce sau uku.
Wajen sandar ƙasa na kuskure ɗinki tara,
ba mai gani, sai ni,
na warware, na zagi tabarauna, na sake.

Juma'a ta dawo.
Ga shi baƙi wuluk, gashi a tsaye,
in ka shafa sama ya yi duhu, ƙasa ya yi haske,
bai san kowa ba tukuna.
Ta riƙe shi, ta juya hagu, ta juya dama,
ta ce, "Kamar gaisawa da baƙo."
Na ce, ai abin da aka biya ke nan.
Mai sayen, an ce, daga Munich yake,
da safar hannu yake tuƙi.

Tsohon ƙyallen ba na zubarwa sai an ce.
Na sa shi a takardar burodi, na tura mata.
Ta zaro, ta nemi wurin sumul ɗin,
ta ɗora hagunta a kai.
Gurbin ya fi hannunta faɗi
da yatsa guda.

Ba ta ce komai ba.
Ta tambayi kuɗi, ta ƙirga, ta ɗauki biyun,
sabon a hammata, tsohon cikin kwat.

Laimarta na nan bayan ƙofa.
Na share guntayen zare,
na kunna fitila, na jawo kujerar wani
da karensa ya cinye.